Abin da Ragon Inna Yake Nema a Jikin Bango

'Yan uwa, wannan makon layi ya zo kaina, kuma tun kafin in yi nisa ina neman afuwa, domin alade zai shigo cikin maganar nan, ba sau ɗaya ba. Wanda zuciyarsa ta tashi ya daure ya bi ni a hankali.

Shekara uku da suka wuce muka tashi daga tsohon gidanmu na ƙasa da ke cikin gari, ba nisa da Gobarau, muka koma gidan bulo a bayan Ƙofar Ƙaura. An malale tsakar sabon gidan da siminti tun daga zaure har makewayi. Inna ta kwashi adashinta ta sa aka sayo mata ɗan rago daga kasuwar Charanchi, da niyyar ta kiwata shi zuwa babbar Sallah, kamar yadda ta saba tun ban san kaina ba. Dusa ba ta yanke mashi ba, ga ƙanzo, ga ƙasari. Harawa ce kawai ake ɗan tsakura mashi saboda tsada.

Bayan wata biyu rago ya ɓullo da sabuwar ɗabi'a. Ya tauna igiyarsa, ya ci kwali, ya bi leda, daga baya ya kafa baki a jikin bango yana kankarar filasta har ya yi rami. Kawu ya zo gaisuwa, ya dube shi ya ce, "Yaya, wannan ai kanwa yake so." Aka shiga zuba mashi kanwa a ruwan dusa safe da yamma, hannu sake, tunda a saninmu kanwa ba ta yi wa dabba yawa. Saura mako uku Sallah fitsari ya tsaya mashi. Yana nishi, yana harbin cikinsa da ƙafa. Malamin dabbobin da muka kira ya ce tsakuwa ce ta toshe hanyar fitsarin, kuma an makara. A daren aka kira mahauci. Abin da ya bayar bai kai kuɗin da aka sayo ragon ba, balle a yi zancen dusar wata biyar.

Inna ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, shekara talatin tana kiwo a tsohon gida, tumakinta na lasar bango, ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Maganar nan ta tsaya mani a rai. Me rago ke nema a jikin bango? Difilomata ta kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ce, na san sunayen sinadarai a allo, amma ban taɓa haɗa su da turken gidanmu ba sai ranar.

Kakanninmu sun daɗe da sanin cewa ciyawa kaɗai ba ta riƙe dabba, kuma sun gina kasuwanci mai girman gaske a kan wannan sani. A watan Janairu na 1851, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarim, ya iso garin nan. Ayarin gishiri na Abzinawa ya biyo tun daga duwatsun Abzin, ta Damargu da Tasawa da Gazawa. Ya ƙiyasta ayarin ya kai kayan raƙumi 3,000. Da ya isa Kano a watan Fabrairu kuma, ya lissafa cewa kanwar da ke ratsa birnin daga Barno zuwa ƙasar Nufe ba ta gaza kaya 20,000 a shekara ba. Ku tsaya ku auna wannan: babu mota, babu kwalta, sai takarkari da jaki.

Gishirin ayarin daga Balma da Fashi yake fitowa, can tsakiyar hamadar Tenere, gabas da Agadas. Abzinawa kan kai gero su karɓo gishiri da dabino. Iri biyu ake yi a Balma. Akwai beza, fari tas, na miya. Akwai kuma kantu, wanda ake cuɗa gishiri da ƙasar wurin a zuba a mazubin kututturen dabino ya bushe, shi kuwa akasari na dabbobi ne. Cuɗin yana sa shi ƙwari a bayan raƙumi, kuma yana sa dabba ta lashi abin da ya fi gishiri zalla. Ita kanwa daga gabas take zuwa: Muniyo da Mangari, inda ake dafa mangul, da gabashin Tafkin Chadi, inda Buduma ke ɗoro ungurnu a jiragen ruwa su tsallako da shi Baga. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi sukutum a 1986 a kan wannan ciniki, kuma a ciki ya nuna cewa bayan miya da taba da rini da jima, kaso mai yawa na gishiri da kanwar nan a cikin dabbobi yake ƙarewa.

Waɗanda ba su jiran ayari kuwa, dabbar suke kaiwa wurin gishirin da ƙafarta. Duk ƙarshen damina, wajen watan Satumba, Buzaye da Fulani Woɗaɓe kan haɗu a Ingal da Tagidda, yamma da Agadas, dabbobi su sha ruwan gishiri su ci ciyawar da ta tsiro a ƙasa mai gishiri. Faransawa sun sa wa abin suna jinyar gishiri. Yau an mayar da shi biki, masu ɗaukar hoto rawa da kwalliya suke zuwa kallo, amma asalin taron saniya ce ta kira shi.

Wannan ilimi ne, ko da ba a rubuta shi ba, kuma ba na son mai raina shi. Sai dai yana da iyaka. Makiyayi ya san dabba na son wani abu da ke cikin ƙasa, bai rarrabe ko mene ne ba. Saniya ta lashi suri, ta tauna ƙashi, ta ci tsumma, amsar ɗaya ce: a ba ta kanwa. A wurinmu duk kanwar ja ce. Rarrabewar a wata duniya aka yi ta, kuma dabbar da ta fi kowace tona asirin ita ce wadda muka fi ƙyama.

Ba tallar alade nake yi ba, hukuncinsa a addininmu sananne ne. A ƙasar nan akwai masu kiwonsa, kasuwar Katsit kusa da Kafanchan shaida ce, amma mu abin da ya shafe mu shi ne abin da aka koya a jikinsa. Masu bincike sun kama shi ne saboda dalilai masu sauƙi. Yana haihuwa da yawa, yana girma da sauri har kuskuren abinci ya bayyana cikin kwanaki, kuma tumbinsa guda ne irin na ɗan Adam, ba irin na masu tuƙa ba. Tun wajen 1917 ma aka gano a jihar Montana ta Amurka cewa 'ya'yan aladun da ake haifa babu gashi, da kumburarren wuya, rashin aidin ne ke kashe su, wato dangin maƙoƙon da muka sani a wuyan mutane.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na ƙarfe. Ɗan alade yana zuwa duniya da sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 50 a jikinsa. Cikin mako ɗaya nauyinsa ke ninkawa, jini kuma dole ya bi nauyi, don haka yana buƙatar aƙalla miligiram 7 kowace rana. Nonon uwarsa bai wuce ya ba shi miligiram 1 ba. Shekaru aru-aru wannan giɓi bai dami kowa ba, domin tun yana ɗan kwanaki yake cusa hanci cikin ƙasa, ƙasa kuwa cike take da ƙarfe. Sai manoman Turai da Amurka suka ga tsabta da sauƙin wanki, suka mayar da aladu ɗakuna masu daɓen siminti. Nan 'ya'yan suka fara yin fari fat, suna haki, suna mutuwa a mako na uku ko na huɗu. Abin mamaki, waɗanda suka fi ƙiba da saurin girma su ke fara faɗuwa.

A 1923 wasu masana biyu, McGowan da Crichton, a cibiyar Rowett da ke Aberdeen ta ƙasar Sikotilan, suka nuna cewa ƙarancin jini ne, kuma rashin ƙarfe ya kawo shi. Maganin da manoma suka fi kamawa a lokacin zai ba ku dariya: a sari ƙasa da ciyawarta a jefa cikin ɗakin. An kashe kuɗi an raba dabba da ƙasa, an dawo ana kai mata ƙasa a shebur. Sai a shekarun 1950 aka samo allurar ƙarfe, miligiram 100 zuwa 200 cikin kwana ukun farko, wadda har yau ita ake yi wa kusan duk ɗan aladen da aka haifa a ɗaka.

Da na karanta wannan sai na ajiye waya na fita tsakar gida. Ramin da ragon Inna ya yi a bango yana nan ba a cike ba. Ba na cewa ƙarfe ya rasa, cikin rago daban, na alade daban. Amma a tsohon gida tumakin Inna a kan ƙasa suke kwana, bangon jar ƙasa suke lasa, da hantsi yara su kora su bayan ganuwa su tsinci ganye iri goma, kowane da ƙurarsa. Duk wannan abinci ne da ba mu taɓa lissafawa ba, tunda ba da kuɗi muke saye ba. Shugaban cibiyar Rowett na lokacin, John Boyd Orr, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, ya fitar da littafi a 1929 kan ma'adinan da ke cikin ciyawar makiyaya. A daidai wannan zamani kuma Arnold Theiler ya nuna a Afirka ta Kudu cewa shanun da ke tauna ƙashi fosfaras suke nema. Wanda ya taɓa ganin saniya da ƙashi a baki cikin bazara ya ga abin da Theiler ya gani.

Jan ƙarfe ya shigo ta wata hanya mai ban sha'awa. Tun 1928 masana a Wisconsin suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa ƙarfe ba ya zama jini sai da ɗan jan ƙarfe. Amma a 1945 wani mai bincike a Ingila, Raphael Braude, ya ba da rahoton cewa aladu a wani sabon gini sun dage da lasar zobban jan ƙarfe da aka sa a garkensu, har suna sudewa. Maimakon ya kore su, sai ya tsaya ya tambayi dalili. Shekara goma bayan haka, a 1955, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka sa jan ƙarfe miligiram 250 a kowane kilo na abinci, alade yana ƙara saurin girma. Kamfanonin abincin dabbobi suka rungumi abin.

A nan ne mai rago ya kamata ya buɗe kunne. Tunkiya ba ta iya fitar da jan ƙarfe daga jikinta kamar alade ko kaza. Kashi ɗaya cikin goma na wancan adadi, idan ta daɗe tana ci, ya isa ya taru a hantarta shiru, babu alama, sai rana ɗaya ya fashe cikin jini: ido ya yi shawara, fitsari ya yi baƙi-baƙin ja, kwana biyu ta mutu. Abin da ke ƙara wa wannan dabba ƙiba shi ke kashe waccan. A unguwarmu kuwa na san masu ba raguna abincin kaji don su yi saurin cika ido, wasu har busasshen kashin kaji suke haɗawa da dusa, wanda kuma an sha samun ya kashe tumaki ta wannan hanya a ƙasashe da dama.

Sai zinki, wanda ƙamus ke kira tutiya, ƙarfen da ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. A farkon shekarun 1950 wata cuta ta addabi aladun Amurka da ake ciyarwa da hatsi da tunkuza an ƙara masu alli. Fata ta yi kauri ta tsattsage kamar faso, girma ya tsaya. A 1955 Tucker da Salmon a Alabama suka warkar da ita da ɗan zinki. Abin da ya ɗaure kai shi ne, akwai zinki a cikin abincin, to ina yake zuwa? Wajen 1960 zuwa 1962 masu bincike a Missouri suka gano ɓarawon, a jikin 'yan tsaki da aladu: wani sinadari mai suna fitet da ke cikin ƙwayar hatsi da wake, musamman a dusa, wanda ke damƙe zinki a hanji ya hana jiki ɗauka. Yawan kalsiyam kuma yana ƙara mashi ƙarfin riƙo.

A daidai lokacin wani likita ɗan Indiya, Ananda Prasad, yana aiki a Shiraz ta ƙasar Iran. Aka kawo mashi saurayi ɗan shekara 21 mai jikin yaro ɗan shekara 10, bai balaga ba, ga ƙarancin jini. Abincinsa gurasar alkama, kuma yana cin yumɓu kullum. Likitocin zamanin sun ɗauka ɗan Adam ba zai taɓa rasa zinki ba. Prasad ya san abin da rashin zinki ke yi wa dabbobi, ya ce wannan ma shi ne. Ya buga rahotonsa a 1961, ya tabbatar da shi a ƙauyukan Masar a 1963, amma sai 1974 Amurka ta sa zinki cikin jerin abubuwan da mutum ke buƙata kullum. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa ba yaro mai gudawa ƙwayar zinki, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba, tare da ruwan gishiri da sukari. Ƙwayar nan da ake ba matanmu a asibitin sha-ka-tafi, zuriyarta ta ratsa ta garken aladu.

Kuma maganar fitet tamu ce kai tsaye. Gero, dawa, masara, wake, duk suna ɗauke da shi, su ne kuma tuwonmu da furarmu da kunun yaye. Jiƙa hatsi ya kwana da barin ƙullu ya yi tsami suna rage shi sosai. Tsofaffin da ke cewa kokon da bai kwana ba bai yi ba, sun fi mu gaskiya ba tare da sun san sunan abin ba. Su ma Turawan sun yi nasu wuce gona da iri. Da suka ga zinki mai yawa na tsayar da gudawar 'ya'yan aladu lokacin yaye, suka riƙa zuba har miligiram 2,500 zuwa 3,000 a kilo, ya bi taki ya taru a gonaki, har Tarayyar Turai ta hana daga watan Yuni na 2022.

Akwai ɗaya da ya rage, kuma shi ya fi zo mana gida. A 1957 Klaus Schwarz ya nuna cewa seleniyam, wanda a da guba kawai aka san shi, jiki na buƙatar ɗan mitsitsinsa. A garken aladu rashinsa, haɗe da rashin bitamin E, yana kashe ƙosasshen ɗan alade farat ɗaya, a buɗe a tarar zuciya ta yi ɗigo-ɗigon jini. A yankin Keshan na ƙasar Sin an daɗe ana fama da wani ciwon zuciya mai kashe yara da mata matasa, a shekarun 1970 aka nuna seleniyam na hana shi.

To a ƙasar Hausa muna da namu. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka rubuta kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a Zariya da kewaye: kumburin ƙafa, haki, tari. Suka ɗora alhakin a kan wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da kunun kanwa, saboda ɗimbin sodiyam da ke cikin kanwa yana riƙe ruwa a jiki. Shekaru wannan bayani ya zauna daram. A 1992 wasu likitoci a Yamai suka auna jinin irin waɗannan mata suka tarar seleniyam ɗinsu ya yi ƙasa. A 2015 Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka sami irin wannan sakamako. Babban binciken da ya jagoranta daga baya a asibitoci da dama na ƙasar nan, wanda aka buga a 2020, bai sami alaƙa tsakanin ciwon da al'adun jego ba. Rama da rashin aikin yi da rashin karatu da hawan jinin ciki su suka fito. Ba ina wanke kunun kanwa ba ne, mai hawan jini ko kumburi ba ta da abin yi da shi. Kuma kada wani ya ruga kyamis neman seleniyam, tazarar da ke tsakanin maganinsa da gubarsa ƙanƙanuwa ce, aikin likita ne. Abin lura shi ne, an daɗe ana kallon abin da mai jego ta sha, kafin a juya a kalli abin da ta rasa.

Ita kanwar kanta, me ke cikinta? Masu Turanci a ƙasar nan fotash suke ce mata, sunan kuma kuskure ne, domin fotasiyam ɗinta kaɗan ne. Mafi yawanta dangin sodar burodi ce, haɗe da gishiri da yashi da ɓurɓushin wasu ma'adinai, kuma abin da ke cikin ta wannan tafki ba shi ke cikin ta wancan ba. An yi mata bincike a gida. Gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya tun 1928 take, a 1976 ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa. A shekarun 1980 kuma masu bincike na cibiyar ILCA da ke aiki daga Kaduna sun kai ga gwada kanwar shanu a matsayin taki a gonar ciyawar dabbobi, suka ga ta ƙara yabanya. Ashe akwai abin kirki a cikinta. Amma ba ta da fosfaras ɗin da zai ishi saniyar Theiler, ba a auna jan ƙarfe ko zinkin da ke ciki, kuma ba a sa mata aidin kamar yadda doka ta tilasta a sa wa gishirin miya tun farkon shekarun 1990.

Daga nan na fahimci abin da ya kashe ragon Inna. Dusa tana da fosfaras mai yawa, kalsiyam kaɗan. Ragon da ke cin dusa babu isasshiyar harawa ba ya tuƙa sosai, miyau ya ragu, fosfaras ɗin da ya kamata ya bi miyau ya fita ta kashi sai ya koma fitsari. Idan fitsarin ba shi da tsami, sai ya daskare ya zama tsakuwa, hanyar fitsarin rago kuwa siririya ce mai lanƙwasa. Hausawa sun ce kanwa ta kar tsami, kuma gaskiya ne har a mafitsara. Likitocin dabbobi abin da ke ƙara wa fitsari tsami suke bayarwa, da gishirin miya don dabba ta sha ruwa da yawa. Mu kuwa muka yi ta ɗura mashi akasin haka safe da yamma. Shawarar Kawu daidai take ga saniyar da ke yawo a daji tana cin ciyawa. Ga ragon da ke ɗaure kan siminti yana cin dusa, ita ce ta ƙarasa shi.

Abin da ya sa na ga tarihin nan ya cancanci a ba shi mako guda shi ne, abin da ya faru da aladun Turai shekara ɗari da suka wuce yana faruwa da dabbobinmu yanzu, ta hanya biyu. A daji, burtali ya zama gona, dajin Rugu da shanun Katsina suka dogara da shi ya zama inda kowa ya sani, kan iyaka da Nijar an rufe shi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Garken da ke tafiya arewa ya lashi ƙasa mai gishiri ya dawo, yau da yawansu sun tsaya wuri guda. A gari kuma kiwo ya koma cikin gida, hannun mata da 'yan fansho da matasa marasa aiki, kan daɓen siminti, da jarin adashi ko bashi. Mai rago ɗaya ba ya da likita. Abin da yake da shi shi ne shawarar maƙwabci da mai shagon magani. Ni kaina an taɓa sayar mani da wani gari a ƙullin leda, babu suna babu rubutu, wai maganin ƙiba ne na kowace dabba, daga kaza har raƙumi. Dutsen lasa na kamfani ma, wanda yake abu ne mai kyau, akwai na shanu mai jan ƙarfe da yawa, akwai na tumaki, kuma rubutun da ke bambanta su da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, a jikin kwalin da mai shago ya riga ya yar. A jami'o'inmu ana ta rubuta kundaye kan waɗannan ma'adinai, suna can kan kanta. Inna ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu a rediyo ba.

Bana ta sake sayen rago. Kafin a kawo shi ta sa aka kira magini ya fasa simintin kusurwar turke, aka ciko wurin da jar ƙasa. Na zauna na yi mata bayani iyakar iyawata: harawa ta fi dusa yawa ko da za a rage dusar, ruwa kada ya yanke a gabansa, ɗan gishirin miya kullum, kanwa kuwa ɗan gutsure jefi-jefi, abincin kaji ko kusa. Dutsen lasa ni na je na sayo, na sa mai shago ya ɗauko mani da kwalinsa na karanta.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To wai kai duk wa ya gaya maka wannan?"

Na ce, "Inna, akasarinsa a jikin 'ya'yan alade aka gano."

Ta yi shiru, ta dubi ragon, ya sa baki cikin jar ƙasar nan yana lasa. Ta ce, "A'uzu billahi. To ka ji, kada ka faɗi wannan a gaban Kawunka." Ta miƙa mani bokiti ta ce in ƙaro mashi ruwa.